Rigar da Direba Ya Kawo

Ana sallame sallar asuba motarmu ta bar tashar Maraɗi, ni da wani abokina da ya yi karatu a Yamai, wanda tun daga lokacin bai bar kunnen kowa ya huta da labarin birni ba. Mahaifina ya rako ni har bakin mota da saƙo ɗaya: "In kun isa, kahin ka ga komi, tahi ka gaida Baba Tela. Akwai rigar da ya ɗunka mini, kai za ya ba." Baba Tela amininsa ne tun suna samari, ɗan garinmu da ɗinki ya zaunar a Yamai. A gidanmu yake sauka duk babbar sallah, amma ban taɓa zuwa shagonsa ba.

Hanya ba laifi. A Galmi warin albasa ya shigo mota ya zauna da mu har Ƙonni. A Dogon Dutsi na sayi kilishin jika guda, wato sefa dubu, takardar ta fi naman nauyi. Da magariba muka shiga Yamai, muka haye gadar kogi muka sauka unguwar Lamorde, gidan 'yan uwan abokina.

Da safe na ce mu fara da gaisuwa. Abokina ya zaro waya ya nuna min wata manhaja ta zaga gari da ƙafa: ka toshe kunne da ekuter, abin sauraron nan na waya, wata murya tana gaya maka inda za ka bi da abin da kake gani. Ya riga ya biya mana jika uku-uku, kuma na yini ɗaya ne. Ya ce Baba ba zai gudu ba, amma kuɗinmu za su gudu. Na biye masa.

Murya ce ta mace, da Faransanci mai santsi, ta wadda rana ba ta taɓa duka ba. A kan gada ta burge ni, don ta sa na tsaya na kalli kogi da kyau, masu wanki sun shanya kaya iya ganinka, ga raƙumi da lodin tabarmi yana tafiya tsakanin taksi ko a jikinsa. Daga nan ta fara ɓata min rai. Muka zo wurin mata masu kopto, wato kwaɗon zogale, ta ce mu kalla amma kada mu ci. Ni da aka yaye da zogale! Na ci na dala arba'in don haushi. Ta ce mu tsallaka titi kai tsaye, kamar 'yan kabu-kabu da baburansu sun san da zamanta. Aka kira azahar, ita tana ta bayanin shekarun wani gini.

Bayan babbar kasuwa ta shigar da mu layin teloli. Ta ce wuri ne mai kyaun hoto, ta kuma gargaɗe mu cewa masu shaguna za su yi ta kiranmu, mu yi murmushi kawai mu wuce. Na ɗaga waya na ɗauka. Ta gefen ido na ga wani ya miƙe yana ɗaga hannu. Na yi murmushi, na wuce.

Sai da yamma, muna unguwar Saga muna kallon shinkafa kore shar a bakin kogi, na cire abin daga kunne. Kiran mahaifina ya shigo. Bai amsa gaisuwata ba. "Mutum ya tashi daga kan keken ɗinki yana kiran sunanka, ka ɗauke shi hoto ka wuce?" Ya kashe. Na buɗe hoton. Ga Baba Tela a tsakiya, igiyar awo rataye a wuya, hannu a sama, baki buɗe da sunana. Maƙwabtansa duka suna kallonsa.

Na bar abokina nan, na tari taksi na koma layin teloli. Tsohon ya karɓe ni ba yabo ba fallasa. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo ruwa, ya tambayi damina da mutanen gida. Na fara ba da haƙuri, ya ce ba komi, birni ne. Da na tambayi rigar, bai ɗago daga ɗinkinsa ba. "Ta riga ta tahi tasha, ɗana. Na ba direba. Shi in an kira shi yana ji."

Washegari muka kamo hanya, kuma motar da muka shiga ita ce ta ɗauko saƙon. Abokina ya so ya ce laifina ne da ban duba da kyau ba, na ce ya rufe min baki har Maraɗi. Har yanzu ina jin haushin muryar nan. Wanda ya tsara ta ya auna tsawon gada da shekarun gine-gine, amma bai taɓa kawowa a ransa cewa mai yawo a Yamai yana iya samun wanda ya san shi ba. Duk wanda ya ɗaga hannu, a wurinsa mai talla ne. Ku masu shirin zuwa, ku yi yawonku, garin ya isa kallo, amma ku fara da gaisuwa, kuma ku bar kunne ɗaya a buɗe.

Mahaifina na tsaye a tasha da muka iso. Direba ya sauko, ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa masa ƙunshin rigar da hannu biyu. Ni kuma ina tsaye a gefe da jakata, ba abin da na kawo masa sai hoto.