Malam Lopeti da Labarin Mai Kwasar Tabarmi

Duk wanda ya yi aji shida a sakandaren tsibirinmu, a nan Ha'apai, ya san muryar Malam Lopeti Fifita, ko da bai fita da komai na adabi ba. Ɗan masunci ne da teku ke sa shi amai tun yana yaro, har ubansa ya gaji ya bar wa makaranta shi. Ya je Nuku'alofa babban birninmu ya yi karatun koyarwa, ya dawo mana da tabarau da kalma ɗaya tak da ya ɗora rayuwarsa a kanta, wato jigo.

Shekara ashirin da ɗoriya yana shiga aji da tabarmarsa ɗaure a ƙugu, irin shigar mutunci ta wurinmu, ya raba gajeren labari na Turanci, ya ce a faɗa masa jigonsa. Yaranmu kuwa ba daƙiƙai ba ne, coci ce kawai ta riga shi kama su. Tun suna goye suka san cewa duk labarin da babba ya bayar, akwai darasi maƙale a ƙarshensa. In labarin na mutumin da jirgin ƙasa ya bari a tasha ne, sai su ce jigon shi ne a bi maganar iyaye. In na matar da ƙanƙara ta rufe wa ƙofa ne, su ce a ji tsoron Allah.

"Ina iyayen suke a labarin nan?" Malam zai tambaya, jijiyar wuyansa a miƙe.

"Ai shi ya sa jirgi ya bar shi, Malam. Bai taho da su ba."

"Jigo ba wa'azi ba ne! Abin da ke ci wa labarin rai nake tambaya, ba abin da fasto zai ce ranar Lahadi ba!"

Sai su rubuta wannan ma a littafi, su ja masa layi, washegari su sake kawo masa biyayya ga iyaye.

Da tafiya ta yi tafiya, Malam ya yanke hukunci cewa laifin na littattafan ne. Yaron da bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba, ina zai san zafin rasa shi? Don haka a shekarar da aka sa ranar auren 'yarsa tilo, Vika, ya zauna lokacin hutu ya rubuta labari da hannunsa. Labarin wata dattijuwa ce da ba ta fashin biki ko jana'iza. Takan zo ta zauna a saman taro, ta zaɓi tabarmi mafiya laushi, a naɗe mata, ta tafi. Jigon da ya shirya shi ne yadda kwaɗayi ke fakewa da al'ada. Ya raɗa wa matar suna Margaret, ya ajiye ta a wani tsibiri da babu shi a taswira, ya koma gefe yana jin ya ɓad da sawu kamar wani babban ɓarawo.

Ranar da ya raba labarin, yara suka duƙufa suna karantawa. Da ya tambayi jigo, hannuwa suka tashi gaba ɗaya, abin da bai taɓa gani ba tun da ya fara riƙe alli. Har idonsa ya ciko don murna. Ya nuna wata yarinya mai suna Losaline.

"Jigon shi ne Gwaggo Kalolaine, Malam."

Kalolaine yayar Malam ce, ciki ɗaya. A wurinmu kuwa 'yar'uwa mace tana sama da ɗan'uwanta namiji har ya mutu. Ba ya shiga ɗakinta, ba ya zama kusa da ita, ba ya wasa a gabanta. A bikin 'ya'yansa ita ke zama a saman taro, ita ke fara zaɓar kaya.

"Mutum ba ya zama jigo!" in ji Malam.

"To wannan dai ta zama," wani ya ce daga baya.

"Margaret ce sunanta! Ƙirƙira ce!"

"Margaret mai ɗingishi da ƙafar hagu, Malam? Mai laimar nan ja?"

Aji ya kwashe da dariya. Malam ya duba takardarsa ya ga laimar, ja zur, a shafi na biyu, da rubutun hannunsa.

Tsibirinmu ba shi da girman da magana za ta gaji a hanya. Kafin a tashi daga makaranta, matan da ke saƙar tabarma a zauren coci sun ji. Kafin mako ya zagayo, waɗanda ba su iya Turanci ba ma suna ba da labarin, har da ƙarin abin da Malam bai rubuta ba. Magana ta kai kunnen Kalolaine. Ta daina aiko da kwanon abincin da takan aiko gidan Malam duk Lahadi, ba ta kuma leƙo shirin biki ba. Auren da aka yi babu gwaggon amarya a saman taro kuwa, dangin ango za su koma gida suna cewa sun ɗauko 'yar da ba ta da asali. Vika ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Matarsa Seini ta ce, "Sannu da ƙoƙari, marubuci. Yau dai yara sun gane jigo. Ranar biki sai mu ɗaura maka zane ka zauna a wurin Yaya, ko kuwa Margaret ɗin za ka gayyato mana?"

Malam ya ji tsoro sosai, irin tsoron da allo da alli ba sa maganinsa. Ranar Asabar da rana ya loda doya manya da alade guda a motar maƙwabci, ya ɗaura tsohuwar tabarma ta masu neman gafara, ya nufi gidan yayarsa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta duk suna can ƙetare, a Auckland. Ya tarar da ita daga cikin ƙofa, da kwanon rogo da kifi a gabanta. Ya zauna a ƙasa kan ciyawa, nesa da dokin ƙofa, ya sunkuyar da kai.

"Yaya, na zo neman gafara. Yara ne suka juya magana. Labarin nan ba ke ba ce."

"Ba ni ba ce?"

"Ko kusa. Daga kaina na ƙirƙiro ta. Ban tuna da ke ba ko sau ɗaya da nake rubutawa."

Ya faɗi haka da ƙwarin gwiwa, don tun a mota yake gwada shi. Kalolaine ta ture kwanon gefe.

"Na karanta, Lopeti. Ni ma na yi makaranta kafin a cire ni a biya maka. Maganar tabarmi dariya ta ba ni, haƙƙina ne, kuma gobe ma zan kwasa. Amma akwai wurin da ka ce matar takan dawo daga biki ta jibge kayan a lungu, ta zauna ta ci abinci ita kaɗai, don kowa na girmama ta, ba mai zama da ita. Nan na ajiye takardar. Na ce ashe ƙanena yana ganina. Kunya ce ta hana ni zuwa gidanka, ba fushi ba, don ban san da wane ido zan kalle ka ba." Ta gyara zama. "Ashe kuma ba ni ba ce."

 Wannan layin kuwa, Malam ya sa shi ne kawai don shafin ya cika. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yi wa yara tsawa a kan abin da ke ci wa labari rai bai gane na labarin da ya rubuta da hannunsa ba.

"Biki zan zo," in ji ta. "Vika ba ta yi mini komai ba. Ka ce wa mai motar ya kai aladen ta baya."

Abin da ya zo nema ke nan, ya kuma samu, amma bai ji daɗin komai ba. Ta jawo kwanonta ta ci gaba da ci. Shi kuma yana nan zaune kan ciyawa, inda ya kamata ƙane ya zauna, yana kallon yayarsa tana cire ƙayar kifi ita kaɗai.