Kurumtar Pak Kasimin

A garin Blora duk wanda ya daɗe a bakin injin yankan katako sai kunnensa ya yi nauyi, shi ya sa da Pak Kasimin ya kurumce babu wanda ya yi mamaki. Tun gashinsa na baƙi yake tura gungumen itacen jati cikin zarto a injin Haji Sumarno. Sai dai kunnen nan lafiyarsa ƙalau. Ko ƙadangare ya taka busasshen ganye, Kasimin ya ji.

Abin ya faro ne ranar da ya dawo a gajiye, matarsa Bu Ngatmi ta tare shi da zancen rufin kicin da ke yoyo. Ya yi shiru. Ta maimaita, ya ƙara yin shiru. Sai ta ce, "Wayyo, injin nan ya cinye masa kunne!" Maganar ta yi wa Kasimin daɗi, ya riƙe ta hannu bibbiyu.

Kurumta kuwa ta yi masa rana. Maƙwabci ya zo roƙon guntun katako, sai ya washe baki ya ce, "Lafiya lau, ya yara?" A rumfar shan kofi ana gulma a gabansa kamar a gaban turmi, shi kuwa yana zuƙar tabarsa mai kanumfari yana kwashewa. Da safe ya ɗaga kejin kurciyarsa kan doguwar gora, ya zauna a ƙarƙashi yana lumshe ido. Da yamma Bu Ngatmi ta zauna kusa da shi tana tsinkar barkono, ta zazzage masa cikinta kaf: tsadar man girki, halin matar ɗansu, laifinsa na bara da na bana. Wani lokacin ta sassauta murya ta ce, "Tsohon banza, in ka riga ni tafiya ban san yadda zan yi ba." Wannan ce kaɗai ke yi masa wuyar haɗiya.

To, rana dubu ta ɓarawo. Haji ya tsufa, ɗansa Mas Danang ya karɓi injin, ya kawo sabon zarto na lantarki, siriri mai zagayawa kamar bel. Ranar da za a kunna shi ya tara ma'aikata.

"Zarton nan kafin ya tsinke sai kukansa ya canja," in ji shi. "Wanda ba ya ji ba zai tsaya gabansa ba. Pak Kasimin ya koma sharar garin katako."

Kasimin ya ji sarai. Shara, da furfurarsa! Ga kuma Bu Ngatmi tsaye a bakin rumfar injin, ta kawo masa shinkafa da tempe, wainar waken soya, a ƙunshin ganyen jati. In ya nuna ya ji, asiri ya tonu a gabanta. In ya yi shiru, sai tsintsiya. Ya tsaya yana murmushin nan nasa.

Bu Ngatmi ta ajiye ƙunshin. "Mas Danang, ɗan dakata." Ta zaga can bayan tulin gumagumai, ta ce a hankali kamar mai magana da kanta, "Ai na sayar da kurciyar nan ɗazu."

"Kika sayar wa wa?" Kasimin ya juyo a zabure.

Ma'aikata suka fashe da dariya har da riƙe ciki. Wasu kuwa dariyarsu ta tsaya rabi, suna tuna abin da suka sha faɗa a rumfar kofi. Mas Danang ya share hawaye ya ce, "Koma bakin zartonka, Pak."

A hanyar gida kunya ta rufe Kasimin.

"Bu, tun yaushe kika sani?"

"Wane kurma ne ke kiwon kurciya don kukanta? Tana nan kan gorarta, ban taɓa ta ba."

"To me ya hana ki tona ni?"

"In tona ka in samu me? Mijin da zai saurare ni bai katse ni ba, a wace kasuwa ake sayar da shi? A inji ka ji abinka. A gida kuwa kurma kake har ka mutu."

Ya yi 'yan taku, ya ce, "Har waccan maganar, ta in na riga ki tafiya..."

Bu Ngatmi ta gyara ɗaurin zanenta, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ba da kai nake ba. Da kurma nake."