Ledar Tsohon Direba

Shekara ashirin da shida ta yi a ɗaki ɗaya: tebur, kujeru biyu, gadon gwaji mai ƙara, da fankar da sai an zungure ta kafin ta tashi. Likitar kowa da kowa ce, daga mai tari har mai ciwon baya. 'Yan unguwa sun sa mata suna Sai-Kuma, don ko kai ka ce yana maka ciwo, sai ta ajiye biro ta ce, "Sai kuma me?" A haka za ta gano ciwon ya fara ne ranar da aka sauya wa mutum wurin aiki. Layinta ba ya tafiya, nas ɗinta kullum cikin tsaki, amma bencin ba ya rabo da mutane.

Da aka kawo kwamfuta, aka yanka wa kowane maras lafiya minti bakwai, ba ta yi gardama ba. Ba mai taurin kai ba ce. Ta juya kujerarta ta fuskanci allon, tana tsintar haruffa da yatsa biyu kamar kaza.

Cikin masu zuwa wurinta akwai wani tsohon direban babbar mota mai ciwon suga, wanda da can in ya buɗe baki sai ya kai ka gari uku kafin ya iso ga ciwonsa. Yanzu ta koyi katse masa zance. Sugansa ya hau, ta ƙara magani. Ya dawo bai sauka ba, ta sake ƙarawa. A wata na huɗu gyambo ya fito masa a babban yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye, in aka ci gaba a haka ƙafar za a yanke.

Ranar da ya dawo wankin gyambon, kwamfutar ta ƙi tashi. Kafin mai gyara ya zo, ta rasa abin kallo, ta juyo gare shi. Ta ga ya rame, maɓallin rigarsa kuma a karkace.

"Baba, me ka ci da safe?"

"Shayi. Ni na haɗa, bai yi daɗi ba. Uwar yara ce ta iya."

Nan ya saki baki. Shekara arba'in ita ke haɗa masa shayi. Da ciwon ya zo, ita ke ɓare ƙwayoyin ta zuba a murfin kofi, na safe daban, na yamma daban. Shi ko sunansu bai sani ba, ga ido ya yi rauni, rubutun kwalin ba ya ganuwa. Da ta rasu, ya ji tsoron ya sha ba daidai ba. Ɗansa kuwa hidima ta yi masa yawa, yana jin nauyin ɗora masa wata.

Ya jawo baƙar leda daga ƙarƙashin kujera ya ɗora a tebur. Maganin wata huɗu ne, har da ƙarin da ta yi ta rubutawa, ko kwali ɗaya ba a buɗe ba.

Kunya ta kama ta. Ta kira ɗan a waya, ta sa nas ta ware ƙwayoyin a robobi biyu, ja da fara. Daga baya an cire yatsan, ƙafar ta tsira. Amma a ranar, yana laluben sandarsa, ta kasa haƙuri.

"Baba, yaushe ta rasu? Me ya hana ka gaya mini?"

"Na ga aiki ya yi miki yawa, Likita," ya ce. "Shekara tara tare muke shigowa ɗakin nan, tana tsaye a bayana. Na yi zaton za ki ga ba ta nan."