Ladabin da Ya Zaunar da Autana a Benci

A gidanmu, can wani ƙauye tsakanin Jega da Maiyama, kwano ɗaya 'ya'yana maza suka tashi suna ci. Ba ni na ƙirƙiro dokar kwanon ba, haka na tarar. Babba ke fara sa hannu, ƙarami ya riƙe gefen kwano da hagu kada ya motsa, in kuma akwai nama ba ya taɓawa sai an tura masa. Yayyen sukan karya dokar da zarar na juya baya. Autana ne kaɗai ban taɓa kamawa ba. Sai ka ga tsoka ta gangaro har gabansa, ya sa yatsa ya mayar da ita wajen wansa. Ni kuwa daɗi nake ji, har ina ba da labarinsa a bakin rijiya.

Tsawo ya zo masa babu sallama. Damina ɗaya wandonsa ya koma gwiwa, kafin ya yi nisa a sakandare sai ya sunkuya yake shiga zaure. Lokacin cirar albasa yakan bi yayyensa Aliero lodin buhuna, ranar kasuwar Jega kuma ya taya wani maƙwabcinmu ɗora kankana a mota. A nan wani malamin makarantarsu ya gan shi yana cilla kankana sama, ɗaya bayan ɗaya, kowace tana sauka daidai hannun wanda ke kan mota. Malamin Kirista ne, mutumin Filato, aiki ya kawo shi Jega. Bai yi mako ba sai ga shi a ƙofar gidanmu kan babur, da wata ƙatuwar ƙwallo mai ruwan goro a hammata. Ina daga bayan zana ina jin su da babansu.

"Malam, mi ake yi da ita?"

"A kwando ake jefa ta, Baba."

"To, in kwandon ya cika fa?"

"Ba ya cika. Ƙasansa a buɗe yake."

Babansu ya ce, "Aikin banza ke nan. Amma ya fi yawon kasuwa. Ku tahi."

Ƙarfen tayar babur aka cire wa waya aka kafe a jikin dogonyaron da ke masussuka. Kullum bayan la'asar sai in ji dum, dum, dum, daga bayan gida. Wani lokaci ina daka, sai in tarar taɓaryata ta ɗauki sautin ƙwallon ban sani ba. Awaki suka saba, kaji suka daina gudu. In ƙwallo ta faɗo mini tsakar gida, yakan tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama tukuna, kamar baƙo. Waɗannan yammacin su nake kewa fiye da komai. Ina jin sa, na san inda yake, na san zai shigo da ƙura har gira ya ce, "Inna, akwai saura?"

Shekaru suka tafi. Daga wasan makarantu sai na jiha, daga nan wata ƙungiya ta ƙwararru, waɗanda wasan ne sana'arsu, ta ɗauke shi zuwa wani babban birni, tafiyar yini guda a mota. Ranar da zai tafi na ɗaure masa ƙuli-ƙuli da garin yaji, na ce masa abin da kowace uwa ke cewa: ka bi na gaba da kai, kada ka ɗaga wa babba ido.

Da aka ce za a nuna wasansu, malamin ya kawo wayarsa mai faɗi aka jingina ta da turmi, mata suka cika mini tsakar gida. Karatun da na yi a ajin manya ya yi mini rana, don ni ke karanta musu lambobin da ke bayan riguna. Muka nemi tasa a fili, babu. Can sai ga shi a gefe, zaune a benci, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa. In an ci ya tafa. In an busa usur ya yi zumbur ya miƙa wa manya tawul da ruwa. Maƙwabciyata ta dafa ni.

"Ke, ɗan naki aikin tafa hannu anka ɗauke shi?"

Aka kwashe da dariya, har da ni. Na ce sabo ne, a bari ya huta gajiyar hanya. Amma wasa ya bi wasa, hutun bai ƙare ba. Sai daf da tashi ake sa shi, kafin ka gyara zama an busa.

Wata ranar kasuwa malamin ya tsayar da ni wajen masu hatsi. Bai yi barkwancin da ya saba ba. Ya ce haka ake yi wa yara a irin waɗannan ƙungiyoyi, ɗan lokaci kaɗan ake ba su a ƙarshen wasa, abin da suka yi da shi ke sa a ƙara musu ko a sallame su. Ya ce kocinsu, wato mai horar da su, ya kira shi ya yi ta faɗa. Wurin atisaye, in yaron yana shi kaɗai, babu mai hannunsa a ƙungiyar. Amma da an sa shi a wasa, ƙwallo na zuwa hannunsa sai ya nemi kyaftin ɗinsu ya miƙa masa, ko da gabansa a buɗe yake. In koci na magana kuma ƙasa yake kallo, har kocin ya ɗauka tsoro ne ke cin sa.

"Mama, in kakar wasan nan ta ƙare a haka, gida zai dawo. Na yi magana, koci ya yi. Ke kaɗai zai ji."

Ban raina lodin albasa ba, da shi muka ci muka sha. Amma na san fuskar yaron nan in ya riƙe ƙwallo, na kuma san ba zan iya kallon ta in an raba su ba. Na sa aka kira mini autan a waya.

"Auta, an ce ba ka jefa ƙwallo."

"Ina jefawa, Inna. Wurin atisaye."

"Wurin wasa fa?"

Ya ce, "Inna, Yaya kyaftin na tsaye, hannunshi a buɗe. Shi ya tarbe ni randa na zo, ɗakinshi na kwana, takalmin ga da ke ƙafata nashi na. In gan shi in yi kamar ban gan shi ba?"

Na ce ya jefa, ni na ce. Ya ce, "To, Inna." Irin amsar nan ce da ake ba babba don kada a yi musu da shi. Wasa na gaba na zuba ido a waya, ƙwallo ta zo, ya miƙa.

Na ce wa babansu za ni birni. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ke za ki koya musu ƙwallon?"

"Gaisuwa za ni."

Na sa aka zaɓo mini albasa manya-manya aka ɗaure, na hau motar safe a tashar Jega. Ban taɓa yin nisa haka ba. Auta ya tarbe ni ya sauke ni wajen wata 'yar garinmu da ke aure can, washegari ya kai ni inda suke atisaye. Wani ƙaton ɗaki ne, daɓensa na katako yana sheƙi, takalmansu na kuka kamar 'yan tsaki. Na zauna can baya na ga ɗana yana jefawa daga nesa, yana sake jefawa, ƙwallo na ratsa raga ba ta ko taɓa ƙarfe. Da aka raba su gida biyu kuwa, sai ya koma wanda na sani a waya.

Da aka tashi na aike shi ya ɗauko albasar daga wurin mai gadi, na nufi kyaftin ɗin. Yana zaune shi kaɗai, an ɗaure masa ƙanƙara a gwiwoyi duka biyu. Ya girmi sauran sosai, har da 'yar furfura a gemu. A bariki ya tashi, Hausarsa ta can ce. Ya yi yunƙurin miƙewa na hana shi.

"Mama, sannu da hanya. Ke ce kika haifi wannan falwaya?"

"Ni ce, ɗana. An ce kai ka riƙe mini shi. Allah shi saka maka."

"Yaron kirki ne. Har wanki yake yi mini, na hana, ya ƙi ji."

"Abin da ya kawo ni ke nan."

Na ba shi labarin kwanon gidanmu. Yana ta murmushi har na kai ƙarshe na ce, "Wurinmu ƙarami ba ya ɗaukar nama sai babba ya tura mishi. Koci ya yi faɗa, malaminshi ya yi, ni na yi. Duk ba da mu ake cin kwanon ga ba. Da kai ake ci."

Murmushin ya tafi. Ya gyara ƙanƙarar, sannan ya dube ni.

"Mama, kin san aikina a ƙungiyar nan? Jifa daga nesa. Shi ma aikinsa ke nan. Ba sa buƙatar mutum biyu. Ranar da ya fara jefawa, ni zan koma bencin. Ina da mata, ina da yara, ga gwiwa ta ƙare. Kin taso tun daga Kebbi ki ce in tashi in ba ɗanki wurina?"

Wallahi ban san haka abin yake ba, malam bai faɗa mini ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Ban sani ba. Da na sani da ban iya buɗa baki ba. Amma na riga na faɗa, ba ni iya mayar da ita ciki."

Daidai nan auta ya iso da albasa a kafaɗa, ya ajiye, ya durƙusa. Kyaftin ya dubi buhun, ya dube ni.

"Wannan fa? Toshiyar baki ce?"

"Ta gaisuwa ce. Ko ka ƙi, taka ce."

Ya yi dariya har ƙanƙarar ta zame. Bai ce to ba, bai ce a'a ba.

Suna da wasa washegari da la'asar, na tsaya. Ban san dokokinsa ba har yau, abin da idona ya gani kawai zan faɗa. Daf da tashi koci ya yafito auta, ya shiga, kyaftin na ciki. Ƙwallo ta zo masa, babu kowa gabansa, ya waiga ya miƙa. Kyaftin bai ko riƙe ta ba, ya make ta ta koma ƙirjin yaron da ƙarfi, har inda nake na ji ihunsa.

"Jefa, ɗan ƙauye!"

Ya jefa a firgice. Ta daki ƙarfe ta fita, 'yan kallo suka yi tsaki. Aka ruga can, aka rugo nan, ta sake zuwa hannunsa. Ya sake waigawa. Sai ga kyaftin tsaye ƙiƙam, ya mayar da hannuwansa duka biyu baya kamar soja a fareti, yana kallon sa ido cikin ido. Babu hannun da zai miƙa wa. Na ga ɗana ya ɗan lanƙwasa gwiwa, ya tashi sama, ya saki. Ta shige. Ni dai ban yi guɗa ba, sai na tarar da bakin mayafina tsakanin haƙorana.

Ba su ma ci wasan ba. Amma na ga koci ya kama wuyan rigar yaron yana masa magana, shi kuma, ko da ɗan kaɗan ne, ya ɗago kai.

Da safe kyaftin ne ya kai ni tasha a motarsa. Ya ɗauki jakata yana ɗingishi, na ce ya bari, ya ƙi. Na ce ban san mi zan ce mishi ba.

"Kar ki ce komai, Mama. Ba don ke na yi ba. Na gaji da ganin hannu irin wannan yana miƙa mini tawul." Ya sa jakar ƙarƙashin kujera, ya leƙo ta taga. "In kina addu'a ki sa da gwiwata ta hagu. Ta dama kar ki wahalar da kanki, ta riga ta tafi."

Ba a sallami auta ba. Lokacin nasa ya riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan, wata rana ya yi kyau, wata rana ya zubar har a fitar da shi, amma ya daina waige. Da kakar ta zagayo, da shi ake fara wasa. Matan unguwa suka koma cika mini tsakar gida, maƙwabciyata ta fi kowa ihu. Su suna kallon fili, ni idona na kan benci. Can nake ganin kyaftin zaune, ya miƙe ƙafa ɗaya, yana nuna wa yaron wani abu da hannu. Daga baya na nema na rasa. Auta ya ce ya koma garinsu, yana koya wa yara.

Yanzu sai sallah nake ganin ɗana, wata sallar ma ba ya samun zuwa. Duk sanda ya kira nakan tambaye shi ko yana gaida yayansa, ya ce yana yi. Ban taɓa tambayar mutumin nan wace alƙibla yake kallo ba, ban kuma sake ganin sa ba tun ranar tasha. Amma in na idar da sallar asuba na bi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, shi nake sawa a ƙarshe, da gwiwarsa ta hagu. Ta daman ma ina haɗawa, ko da ya ce in bari.