Yadin da Baba ya zaɓa

Jiya ina kwashe kayan ɗakin marigayi Baba, bayana duk ya ƙage, sai na ci karo da baƙar jakar da yake zura hannuwa ciki ya sa fim a kyamara. Har yanzu tana warin maganin wankin hoto.

Tare muka je sayen yadinta a kasuwar Zuru, ina goye da ɗana na biyu. Tsohuwar jakar ce ta huje, haske ya shiga ya ƙone hotunan bikin wani soja a Dabai. Ango ya koma bakin aiki ba hoto ko ɗaya, Baba ya yi kwana biyu bai ci abincin kirki ba.

In zai zaɓi yadi, lulluɓe kansa yake yi da shi ya fuskanci rana, ya ce, "Ina ganin haske, kawo wani." Ranar kuwa, daga yadin farko ya ce, "Wannan ya yi, ba na ganin komai."

Na karɓa na lulluɓa. Har mai shagon ina hangowa.

"Baba, ai haske na shiga ta ko'ina."

Ya yi ta murza bakin yadin. Can ya ce, "To, zaɓa mini, 'yata. Na gaji."

Na zaɓi mai kauri, tela ya ninka shi biyu. Bai cika shekara yana aiki da jakar ba, idanunsa suka rufe gaba ɗaya.

Allah ya ba ka hutu, Baba, ya haskaka makwancinka.