Dunduniyar Hagu

A bakin tashar mota yake zama da akwatinsa da basilla da gwangwanayen man takalmi, kansa kullum a sunkuye. Baba Dunduniya ake ce masa, domin bai cika damuwa da fuskar mutum ba. Kafin ka yi sallama ya riga ya amsa, tun daga nesa ya gane takunka. Yana da cika baki a kan wannan, har matarsa ta gaji da ji.

Takun da ya fi sani kuwa na autansa ne. Tun yaron yana koyon tafiya yake jan ƙafar hagu ta gefe, duk takalmin da aka saya masa sai dunduniyar hagu ta cinye a karkace. Uban ya yi ta yanka roba yana cike gurbin, yana faɗa, yana jin daɗi a ransa. Auta ya girma, ya tafi karatu ƙasar waje, ya sami aiki, ya zauna. Waya ma sai ta koma daga "Lafiya lau" sai "Ina sauri."

Da Auta ya aiko musu da tikitin jirgi, uwar ta ce, "Malam, mu je mu gan shi kawai. Yaron nan ya yi mana nisa."

"Wane irin nisa? Ɗana yana nan yadda na san shi. In na zaunar da shi na ce ya dawo gida, zai dawo."

A daren tafiya ya yanka sabuwar dunduniya, mai tudu ta gefe ɗaya, ya naɗe a tsumma da basillarsa ya cusa cikin jaka. Niyyarsa ya gyara wa Auta takalmi kamar da, daga nan ya shigo da maganar.

Sai dai zaman bai samu ba. Auta ya fita da safe, ya dawo a gajiye, su biyu kuma suna ɗaki kamar kayan ajiya, suna leƙen titi ta taga. Ana saura kwana biyu su koma ya ce ƙungiyar da yake wasa a cikinta tana da karawa, su zo su gani.

"Baba, rigata lamba..."

"Kai, rufe min baki! Ni za ka gaya wa lamba? Ko cikin mutum dubu aka saka ka, taku biyu ya ishe ni."

Auta ya yi murmushi, ya raɗa wa uwarsa lambar.

Wani ƙaton zaure ne mai sanyi kamar cikin firji. Kujerunsu na can sama. A ƙasa fili ne na ƙanƙara zalla, an kewaye shi da gilashi. Ƙarti suka fito, wasu da jan kaya wasu da fari, kowa da hular kwano mai raga a fuska, da safar hannu, da sanda mai lanƙwasa a baki. Abin da suke kora wani ɗan baƙin faifai ne, bai fi gwangwanin man takalmi ba. Baba ya gyara zama, ya kai ido ƙasa yadda ya saba, sai gabansa ya faɗi. Takalman nan wuƙa ce a ƙarƙashinsu. Babu mai taku a cikinsu, kowa sulalewa yake yi.

"Malam, in gaya maka?"

"Kada ki soma."

Ya yi ta duba har idonsa ya yi ruwa. Can ya ga wani mai farin kaya yana ɗan karkata hagu in zai juya, ya ce, "Ga shi can!" Matar ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. Bai san yadda ake ci ba, bai san abin da alƙali yake busa wa usur ba, jama'a su yi ihu shi ma ya yi. Amma duk inda mai farin kayan nan ya nufa, zuciyarsa tana biye.

Ana cikin haka wani mai jan kaya ya taho a guje ya maka na farin da gilashi. Ƙarar har sama. Na farin ya zube. Baba ya miƙe tsaye, ya nuna mai jan kayan da yatsa.

"Allah ya isa tsakanina da kai! Kada ka ga da kyau, mugu!"

Matar ta cafke hannunsa da ƙarfin da bai san tana da shi ba. "Malam, janye! Don Allah janye! Wanda ka nuna shi ne Auta!"

Ya zauna. Bakinsa yana ta motsi, na janye, na janye, na yafe, amma ihun jama'a ya hana shi jin muryar kansa. Shekara da shekaru yana kare yaron nan daga bakin mutane, yau ga shi da bakinsa, saboda wani bare da ko sunansa bai sani ba.

Da aka tashi suka tsaya a bakin ƙofa, 'yan wasa na fitowa da takalman gida. Baba ya sunkuyar da kai yana bin ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, ko ya fanshi kansa. Har aka dafa kafaɗarsa bai gane ba.

"Baba, ka gan ni?"

"Ya gan ka mana," in ji uwar da sauri. "Har miƙewa ya yi."

Da safe, Auta na wanka, Baba ya kwance tsummansa ya tsuguna wajen takalman da ke jere a bakin ƙofa. Ya kifa na farko, ya kifa na biyu, ya shafa da babban yatsa. Hagu da dama duk ɗaya. A cikin kowane na hagu akwai wani shimfiɗi na asibiti, an ƙera shi daidai ƙafar. Ashe an daɗe da gyara tafiyar, ba wanda ya gaya masa.

Matar ta tsaya a kansa. "Ba ka yi masa maganar ba, Malam. Gobe fa za mu tafi."

Bai ɗago ba. Ya mayar da takalman yadda ya same su, ya naɗe dunduniyar da basillar, ya miƙa mata.

"Sa mini a jaka," ya ce. "Can ƙasa."