Hashimu Na-Tsoho Ya Ajiye Gammo

Da an sallame sallar asuba a Harami, Baba Hashimu ba ya komawa gida kamar sauran mutanen Jarwal, unguwarmu ta nan Makka. Yakan nufi inda 'yan shibriyya ke jira, ya kwance gammonsa daga ɗamara, ya karkaɗe shi, ya zauna. Shibriyya wani gadon katako ne da ake ɗora tsoho ko marar lafiya a kai, ƙarti huɗu su ɗauka a ka, su yi masa ɗawafi da sa'ayi. Baba Hashimu shi ne na gaba ta hannun dama, shi ke ba sauran taku. Kafin a ɗaga, sai ya durƙusa ya tambayi wanda za a ɗauka sunansa da garinsu da inda ke masa ciwo. In mutumin Jawa ne ko na Hindu, da hannu suke maganar, kuma sukan fahimci juna. Haka zai yi ta kai da kawowa har rana ta take, ya ci gurasa da wake a tsaye, ya koma. Sai bayan la'asar za ka gan shi yana hawowa unguwa da gammo a hammata, yana wani ɗan gunguni a maƙogwaro. Baƙo zai ce gajiya ce, amma mu 'yan unguwa mun san waƙa yake yi.

Watan jiya, bayan alhazan bana na 1376 sun watse, ya ajiye gammon. Gwiwoyi sun ƙi. Shi ya sa ni Rabi'u tela, da aka haife ni a lungun da yake zaune, na ga ya kamata in gaya wa jama'a ko wane ne wannan mutum tun yana raye, tun yana iya ji ya ce na yi ƙarya ko na faɗi gaskiya.

Asalinsa mutumin ƙasar Gumel ne. Yana saurayi ya liƙe wa wani dattijo makaɗin noma da ake kira Tsoho, wanda Allah bai ba haihuwa ba. Duk gayyar da aka kira Tsoho, Hashimu na bayansa yana amshi, har sunansa ya zama Hashimu Na-Tsoho. Ba su haɗa jini ba. Shi da kansa ya ce mini abin da ya haɗa su shi ne Tsoho ne mutum na farko da ya taɓa tambayarsa ra'ayinsa a kan wani abu, kuma ya tsaya ya ji amsa. Da Tsoho ya ɗaura niyyar Makka, kowa ya ce ba zai kai ba, Hashimu ya ce to, sai su ƙi kaiwa tare. Suka yi shekaru a hanya, suna noman ƙodago a ƙasar Wadai, suna tsinkar auduga a Sudan. Kusa da Sawakin ƙafafun Tsoho suka kumbura, Hashimu ya goya shi har bakin teku. Nan ya rasu suna jiran jirgi, yana kallon ruwan da bai ƙetare ba.

Hashimu ya iso shi kaɗai. Ya yi hajjinsa, shekara ta zagayo ya yi wa Tsoho. Da ya tashi neman sana'a, ga dako a kasuwa, ga gini, ga ɗiban ruwa, sai ya zaɓi ɗaukar tsofaffi. Ban taɓa jin ya faɗi dalili ba, ban kuma taɓa jin wanda ya san labarinsa ya tambaya ba.

A nan garin ba a kiɗa a fili, gangar da ya taho da ita daga gida kuwa tun a Sudan ya bar ta. Murya kawai ta rage masa da tafin hannu a kan gwiwa. A cikin Harami bakinsa bai san komai ba sai addu'a. Amma in ya zauna a ƙofar ɗakinsa da yamma, samari sun kewaye shi, sai ya ɗauko waƙoƙin gona na can gida, mu da ba mu taɓa ganin damina ba mu yi ta sauraro. Akwai guda ɗaya da ya yi da kansa, wadda ba ya yi sai an matsa masa:

Tsoho, jira ni in ɗaura takalmi,
Kai ka ce mini gabas ba nisa.
Ka koya mini garma, ka koya mini shiru,
Ga ni na iso, kai ina ka tsaya?

Na ga ƙarti masu gemu suna sunkuyar da kai in ya zo wurin nan, don kusan kowa a Jarwal ya bar wani a hanya.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a shekarun babban yaƙi, lokacin da jiragen alhazai suka ɗauke. Garin ya yi tsit, shibriyyoyi suna jingine suna tara ƙura, abinci ya yi wuya. A lokacin akwai wani saurayi Lurwanu da ya zo ta Sudan da mahaifinsa, mahaifin ya rasu a Jidda ana sauko da su daga jirgi. Lurwanu ba ya jin Larabci, ba ya kuma son a yi masa Hausa. Ruwa yake ɗiba da garwa yana kai wa gidaje, kullum fuska a murtuke. Ran nan a bazan, wurin da ake layin ruwa, wani ya ture masa garwa, sai ya ɗauki sandar ratayarsa ya fasa wa mutumin kai.

Aka kai shi gaban umda, mai unguwarmu. Ina wurin. Umda ya ce yaron ba shi da takarda, ba shi da kowa, don haka zai miƙa shi ga 'yan sanda, abin da suka ga dama su yi. Kowa ya san ma'anar wannan: kurkuku, daga nan sai a jefa shi jirgi. Babu wanda ya tsaya masa, don babu wanda Lurwanu bai ɓata wa rai ba. Sai Baba Hashimu ya taso daga baya ya ce a ba shi yaron, in yaron ya sake, a kama shi Hashimu.

Umda ya dube shi, ya kira shi baffa da Larabci, ya ce, "Ya ammi, ɗanka ne?"

Ya ce, "A'a. Abokina ne."

Mutane suka yi dariya, don kowa ya san ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba. Baba Hashimu bai yi dariya ba. Ya je ya ba wanda aka fasa wa kai haƙuri, ya yi ta zirga-zirga gidansa har mutumin ya yafe. Umda ya yarda bisa sharaɗin kada ya ƙara ganin Lurwanu a garin sai hankalinsa ya dawo.

Dama Baba Hashimu ya riga ya yi magana da wani Balarabe mai lambu a Wadi Faɗima, tafiyar yini daga Makka, inda ake noman rani da ruwan marmaro. Ya tattara mu samarin da ke zaune ba aikin yi, har da ni da Mukhtaru, wanda yanzu direban bas ne, ya sa Lurwanu a tsakiya muka tafi. Mu 'yan Makka ba mu san ta inda ake kama fartanya ba. Da safe sai ya tsaya a bakin kunya yana buga dutse a jikin fartanya, yana waƙa, yana kiran kowa da sunansa da na ubansa, yana zuga wannan da wancan. Ni da hannuna bai san komai ba sai allura, na tsinci kaina ina tsere da Mukhtaru har tafina ya yi kanta.

Lurwanu kuwa ya ƙi. Gindin dabino yake zama ya juya mana baya. Ya ce da noma yake so da bai baro gida ba. Mai lambu ya gaji ya ce ba zai ciyar da wanda ba ya aiki ba, in Juma'a ta zo bai kama fartanya ba ya bar masa wuri. In kuwa ya bar wurin, babu inda za shi sai Makka, inda umda ke jiransa, kuma wuyan Baba Hashimu ne a ciki. Muka ce a yi masa duka. Baba Hashimu ya hana. Washegari muka nemi tsohon muka rasa.

Sai bayan kwana biyu ya dawo, ƙafafunsa duk faso yana jini. Daga baya muka ji Makka ya koma a ƙasa, wurin wata tsohuwa Ruƙayyatu mai ƙosai, wadda ta zo ayari ɗaya da su Lurwanu. Ita ta ba mu labari da bakinta. Ta ce ya zauna kusa da kaskonta ya yi ta tambayarta mahaifin yaron: sunansa, ƙauyensu, yadda yake noma, abin da ake masa kirari da shi. Da ta gama, ko ƙosai bai tsaya ci ba, ya juya.

Safiyar Alhamis ya tsaya a bakin kunya kamar kullum. Ya kira ni, ya kira Mukhtaru, ya bi kowa. Sai ya sauya murya, ya rage bugun dutse, ya ce:

Ina ɗan Mahmudu na Garin Baushe?
Mahmudu mai kunya ba karkace,
Wanda ya nome tasa ya nome ta gwauruwa.
Ya kawo ɗa har Jidda ya kwanta,
Fartanyarsa na nan, wa zai ɗauka?

Tun ranar da aka binne mutumin nan babu wanda ya ƙara ambaton sunansa a ƙasar nan. Lurwanu ya miƙe daga gindin dabino. Na ɗauka dukan tsohon zai yi, har na riƙe fartanyata da kyau. Ya zo ya tsaya a gabansa, ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Baba Hashimu ya ce, "Kama kunya, abokina, rana na yi."

Ya kama. Yana noma yana kuka, majina da hawaye na zuba a ƙasa, bai ɗago ba har ya kai ƙarshe ya juyo. Kunyarsa kuwa a miƙe take kamar an ja zare. Ashe duk cikinmu shi kaɗai ne manomi.

Daga ranar akushi ɗaya suke ci. Ba zan ce Lurwanu ya zama salihi dare ɗaya ba. Sun sha faɗa, har akan yi kwanaki ba sa magana, sai ka ga tsohon ya aika a tambaye shi wace kunya ya kamata a fara ba ruwa, alhali ya sani. Da yaƙi ya ƙare alhazai suka dawo, Baba Hashimu ya koma shibriyyarsa, Lurwanu ya zauna a Wadi. Yau shi ke kula da lambun gaba ɗaya. Baba Hashimu ne ya kai shi gaban umda aka yi masa takarda, shi ya nema masa auren Rumasa'u, shi ya yi wa ɗansu na fari huɗuba. Duk ranar da Lurwanu ya kawo kuɓewa da kankana kasuwa, sai ya biyo ta Jarwal, su zauna a tabarma ɗaya suna gardama a kan iri da ruwa kamar sa'o'in juna.

Baba Hashimu, kai ne ka ɗauki iyayen mutane a kanka shekara da shekaru, ba ka taɓa girgiza ɗaya ba. Yawancinsu sun koma ƙasashensu ba su san sunanka ba. Kai ne ka ga yaron da duk muka yanke wa ƙauna ka kira shi aboki a gaban jama'a, sannan ka bi bayan kalmar da ƙafarka. Na-Tsoho, zakaran gaba na shibriyya, ba ka da gida sai ɗakin haya, amma babu lungun Jarwal da za ka shiga a rasa wanda zai tashi ya ba ka wuri.

Ranar da ya ajiye gammo mun taru a tsakar gidan da yake haya bayan la'asar. Aka sha shayi, aka yi addu'a. Can sai Lurwanu ya gyara murya ya ce shi ma ya yi waƙa. Kowa ya san Allah bai ba shi murya ba. Ya daure ya fara, yana buga gwiwa, yana ba da labarin wani tsoho da ya tafi Makka a ƙasa don ya tambayo sunan uban wani. Bai kai rabi ba muryar ta sarƙe. Baba Hashimu ya bar shi ya huce, sannan ya ce waƙar ta yi, amma ya riƙa jan numfashi kafin ya ambaci suna, kada ya haɗiye shi. Ya sa shi ya sake daga farko, mu kuma ya sa mu amshi.

A wurin ne Lurwanu ya ce ya gina masa ɗaki a Wadi, ƙofarsa na kallon lambu, ya zo su zauna tare. Baba Hashimu ya ƙi. Ya ce kowace shekara akwai samarin da ke isowa su kaɗai, sun binne wani a hanya, in ya tafi wa zai tare su? Mukhtaru ya ce ai mu muna nan. Tsohon ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

To, ga shi na rubuta, kowa ya zama shaida. Mun ɗauka, Baba. Ni da Mukhtaru da sauran waɗanda ka yi wa waƙa a bakin kunya, duk saurayin da ya sauka Jarwal ba shi da kowa, za mu tambaye shi sunansa da na ubansa, mu tsaya mu ji amsa. Ku ma da kuke karanta wannan, a Makka kuke ko a gida, dattijo ya nemi yaron da kowa ke gudu ya zauna da shi, saurayi kuma ya nemi tsohon unguwarsu tun yana iya magana. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan Tsoho da Mahmudu, ya sa ka gama lafiya.

Rumasa'u ta aiko a gaya maka ta shafe ɗakin, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, yara kuma kullum suna bakin hanya suna duba ko kai ne. Ka tafi, Baba. Mukhtaru ya ce shi zai kai ka, ba za ka taka a ƙasa ba wannan karon.